Ɗan tsohon ɗalibi da ɗan wasa: wa ya fi cin kujerar wani a Harvard?

Malam Isa: Jama'a, wani ya ce fifikon da manyan jami'o'in Amurka ke ba 'ya'yan tsofaffin ɗalibansu ba zalunci ba ne. Ni ban yarda ba. A shari'ar Harvard da Kotun Ƙoli ta yanke a 2023, takardun jami'ar sun nuna ana ɗaukar kusan ɗaya cikin uku na irin waɗannan yaran, sauran masu nema kuwa kusan 6 cikin 100.

Hajiya Ladi: Malam, jami'ar ba ta gwamnati ba ce. Gudummawar iyayen nan ce ke biya wa ɗan talaka karatu. Kuma yaran ba daƙiƙai ba ne, yawancinsu makinsu na da kyau.

Malam Isa: Hajiya, asusun Harvard ya haura dala biliyan 50. Dubi sauran jami'o'i: MIT ba ta duba wane ne ubanka, Johns Hopkins ta daina a 2014, Amherst a 2021. Wace ce ta tsiyace a cikinsu?

Habu: Ku yi haƙuri manyana, kun bar jaki kuna dukan taiki. 'Yan wasan da kociyoyi suka zaɓa, sama da 80 cikin 100 ake ɗauka. Harvard na da ƙungiyoyin wasa 42, kuma ba duka ƙwallon kwando ba ne. Akwai tseren kwale-kwale, wasan takobi, da na jirgin ruwa mai filafilai. Wace makarantar unguwar talakawa ce ke koyar da waɗannan?

Hajiya Ladi: Habu ɗana, ɗan wasa dai gumin kansa ya ci. Ya yi shekaru yana sammako wajen atisaye. Kada ka haɗa shi da wanda aka haifa kawai.

Habu: Gaskiya ne Hajiya, amma wa ya biya kocin? Kin tuna badaƙalar Rick Singer a 2019, wanda ya riƙa karɓar kuɗin masu hali yana shigar da 'ya'yansu jami'a ta hanyar maguɗi? Ta ƙofar wasanni ya shigar da yara, har da waɗanda aka rubuta 'yan tseren kwale-kwale a jami'ar USC alhali ba sa yi. Ya san ƙofar da ba a tsaronta.

Malama Zainabu: Abin da ba ku taɓo ba shi ne asalin al'adar. A shekarun 1920 ta kafu, lokacin da jami'o'in ke neman rage yawan Yahudawa. Yanzu Kotun Ƙoli ta hana duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, an bar duba zuriya.

Hajiya Ladi: Sai yanzu da baƙaƙen fata suka fara samun 'ya'yan da za su ci gadon, za a ce a soke?

Malama Zainabu: Wannan kam kin kama ni, Hajiya. Amma su nawa ne? A Harvard kusan 70 cikin 100 na masu neman shiga ta gado farar fata ne. Kalifoniya dai ta riga ta yi dokar hanawa a 2024, har da jami'o'i masu zaman kansu.

Habu: Dokar kuwa ba ta ce uffan kan wasanni ba.