Wa ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Tamanrasset ta mota?

Ɗan Kwari: Assalamu alaikum. Maigidana na son tura ni Tamanrasset, a kudancin Aljeriya, bayan sallah. An ce hanya ɗaya ce tun daga Legas har Aljas, kusan kilomita 4,500. Don Allah wanda ya taɓa bin ta ya faɗa mana abin da idonsa ya gani.

Baba Direba: Wa alaikumus salam, yarona. A taswira hanya ɗaya ce, amma a ƙasa kowane yanki da halinsa. Daga Kano ka bi Kazaure da Daura, ka tsallaka iyaka zuwa Nijar a Kongolam, sai Matamaye, sai Damagaram. Wannan ba wani abu ba ne. Aikin yana farawa ne bayan Tanut. Gari ya yi nisa da gari, rairayi na hawa kan kwalta, inda ta farfashe kuma gara ka sauka gefe ka bi sawun manyan motoci. Tayarmu ta taɓa fashewa kafin Aderbissinat, muka wuni ba inuwa sai ƙarƙashin mota. Jarkokin ruwan da yaron motata ya cika a Tanut su suka rufa mana asiri. Kada ka yarda ka shiga motar da ba ta da safaya biyu.

Ɗan Agadas: Gaskiya Baba ya faɗa. Mu nan daga Agadas zuwa Arlit hanyar uraniyom muke ce mata, don saboda ma'adinin aka shimfiɗa ta a ƙarshen shekarun 1970. Kamyo-kamyo masu nauyi sun cinye ta. Kilomita 240 ne ko kusa da haka, amma na sha fita da asuba in isa da la'asar. Daga Arlit zuwa Assamaka, garin kan iyakar Nijar da Aljeriya, kilomita 225, shi ne yankin da ya fi daɗewa ba kwalta a duk tsawon hanyar.

Malamin Tarihi: Ɓangaren Aljeriya ya riga namu. A 1971 Shugaba Boumediene ya ƙaddamar da aikin shimfiɗa hanyar, matasa masu yi wa ƙasa hidima a soja suka yi shi, kwalta ta kai In Salah a 1973, ta kai Tamanrasset a 1978. Ni da na bi ta, abin da ya taɓa zuciyata shi ne daga Kano zuwa Agadas sawun ayarin raƙuman kakanninmu muke takawa, masu kai fata da turkuɗi arewa.

Hajiya Mai Atamfa: Ɗana, ni gargaɗi zan yi maka. A Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92 a arewacin Arlit, yawancinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Da yawansu 'yan yankin Kance ne, Hausawa 'yan'uwanmu. A Assamaka na ga waɗanda aka koro daga Aljeriya, an sauke su a sahara sun tako kilomita 15 a ƙafa. Har yau in na tuna leɓunansu sai hawaye ya zo mini. Ka nemi fasfo da biza, ka bi ta ƙofa. Duk wanda ya ce zai ratsa da kai ta bayan fage, ka rabu da shi.

Ɗan Kwari: Na gode, Hajiya, Allah ya saka. Baba, a wace tasha ake samun motar Damagaram da sassafe?