Bashin karatu na NELFUND: wanda ya nema da kansa ya gaya mana yadda ta kaya

Babban Yaya: Assalamu alaikum. Ƙanwata ta samu gurbi a wata jami'ar tarayya, kuma da na ga takardar kuɗin rijista sai da na nemi wuri na zauna. Ni ke riƙe da gidan tun da Baba ya yi ritaya, ga ƙanne biyu a sakandare. Ta matsa lallai a nema mata bashin NELFUND, asusun gwamnatin tarayya na ba ɗalibai bashin karatu, wai duk ƙawayenta sun cike. Ni kuma harkar gwamnati ba na faɗa mata ido rufe. Don Allah wanda ya nema da hannunsa ya ba mu labari, ban da ƙanzon kurege.

'Yar Aji Uku: Wa alaikumus salam Yaya. Ina cikin zubin farko, da aka buɗe fotal, wato shafin neman bashin a intanet, ranar 24 ga Mayun 2024. Cikewar ba ta da wuya, a wayata na yi. Ana neman lambar JAMB, NIN, BVN, lambar rijistar makaranta, takardar shaidar samun gurbi da katin ɗalibi. Kashi biyu ne: kuɗin makaranta, wanda ba za ta gan shi da idonta ba don kai tsaye ake tura wa makarantar, sai kuɗin kashewa, naira 20,000 a wata, da ke shiga asusunta. Na biyun ba dole ba ne, ita za ta zaɓa.

Abin da ya wahalar da ni daga gidanmu ya fito. A NIN sunana yana da "tu" a ƙarshe, a JAMB babu. A BVN kuma an sa mini 1 ga Janairu, saboda ranar da kawuna ya kai ni buɗe asusu ya manta ranar haihuwata, ya faɗi abin da ya zo bakinsa. Sai da na je kotu na yi takardar rantsuwa, na yi sammako sau uku wajen gyaran katin ɗan ƙasa, sannan na koma banki. Ƙawayena suna ta jin alat, ni ina bin layi da fayil a hammata. Yau ɗin nan ka sa ta baza takardunta a tabarma ku bi su harafi-harafi.

Mai Kafe: Gaskiya ta faɗa. A cikin yaran da ke zuwa shagona, mafi yawan matsalar suna ne da ranar haihuwa. Amma ga wadda ta fi ni ciwo, kuma a kanmu masu kafe take. Yaro ya zo ya miƙa takardu ya ce "Oga cike mini", ya tafi cin abinci. Sai a buɗe masa imel ɗin da bai san kalmar sirrinsa ba, a sa lambar wayar shago. Bayan wata shida ya dawo yana neman shiga shafinsa, mai shagon ya tashi. Ta zauna a yi a gabanta, da imel ɗinta da layinta da asusun da ke da sunanta. Kuma neman bashin kyauta ake yin sa. Duk wanda ya ce a ba shi wani abu zai sa a amince da wuri, ɗan damfara ne.

Ɗan Poli: Yaya, ni darasina a kan lokaci ne. Makaranta ce ke fara tura sunayen ɗalibanta, in ba ta tura naka ba fotal ba zai gane ka ba ko ka kwana kana dannawa. Tamu ta yi nawa, ga wa'adin rijista ya ƙarato, an ce wanda bai biya ba ba zai zauna jarrabawa ba. Mahaifiyata ta sayar da tunkiyarta da ɗan tunkiyar ta biya. Bayan sati biyar sai ga shafina ya nuna an biya wa makaranta. Kenan sun karɓa sau biyu.

Daga nan na zama ɗan gida a ofishin kuɗi na makaranta. Yau a ce mai sa hannu ya yi tafiya, gobe a ce rubuta wata takardar, jibi a ce ba a kammala lissafi ba. Wata huɗu kafin kuɗin su dawo, lokacin kuɗin tunkiya ya tashi, abin da aka mayar bai sayi irinta ba. Ba ni kaɗai ba ne kuma, irin wannan ƙorafi ya yi yawa a 2025 har hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta shiga bincike. Abin da ya cece ni rasit ɗin banki da hoton shafina da na ɗauka ranar da ya canza. Kada ta yar da ko guntuwar takarda.

Malamin Firamare: Ɗana na biyu yana karɓa, amma sai da muka yi sati ana muhawara a gida. Kakansa ya ce shi bai yarda jikansa ya fara rayuwa da bashi a wuya ba, ya kawo hadisin mamacin da Manzon Allah (SAW) ya ƙi yi wa salla sai da wani ya ɗauki nauyin bashinsa. Na je wajen limaminmu, tambayarsa ta farko ita ce akwai ruwa? Na ce babu, abin da ka karɓa shi za ka mayar. Ya ce to ya karɓa da niyyar biya, a kuma rubuta a ajiye.

Don haka na zauna na bi dokar. Ta farko da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023 ta ce sai kuɗin shigar gidanku bai kai naira 500,000 a shekara ba, kuma sai ka kawo mutum biyu masu tsaya maka, irin ma'aikacin gwamnati mai mataki na 12 ko lauyan da ya shekara goma yana aiki. Ina ɗan manomi zai samo su? An soke ta, aka sa hannu a sabuwa ranar 3 ga Afrilun 2024, babu waɗannan sharuɗɗa. Biya yana farawa shekara biyu bayan gama bautar ƙasa, kashi 10 cikin 100 na albashi, ko na riba ga mai sana'ar kansa. Makarantun gwamnati kawai ya shafa, ban da masu zaman kansu.

Sai dai ku yi lissafin da na yi wa ɗana a bayan littafi. In an biya 20,000 wata goma sha biyu, 240,000 kenan a shekara. Shekara huɗu, 960,000, ba a sa kuɗin makaranta ba. Mai albashin 70,000 za a cire masa 7,000 a wata, wato miliyan ɗaya kaɗai za ta ci kusan shekara goma sha biyu. Da ya ga haka jikinsa ya yi sanyi, ya daina kiran kuɗin "alawus".

Autar Hajiya: Hhh Malam, wallahi a hostal alawus kowa ke cewa. Ranar da alat ya shigo, mai indomi da ƙwai har ƙarar da kaya yake. Wata na farko kwana tara kuɗina suka yi. Yanzu da sun shigo nake cire na handawut da na mota, in sayi garin kwaki, wake, manja da gawayi, mu huɗu a ɗaki muna haɗa tukunya. Data ce ke cinye ni, wannan kam na kasa. Sannan Yaya ka ja mata kunne kada ta ci bashi da sunan "in alat ya shigo". Wata a ɗakinmu ta karɓi waya a kan za ta riƙa biya duk wata, aka shiga dogon hutu, zango ya ƙare, ashe kowace shekarar karatu sai an sake nema. Mai wayar har gidansu ya je.

Ɗan POS: Ni ban nema ba, kuma ban ce kowa ya bi ni ba. Na ga yayyena biyu da digiri suna zaune shekara biyar, na ce ba zan ɗora wa kaina abin da ban san ranar sauke shi ba. Ina zama a rumfar wani da yamma, ina haɗawa da ɗan tallafin jiharmu in ya fito, wanda shi kyauta ne. Amma ba zan ɓoye ba, na faɗi kwas biyu bara saboda rumfar.

'Yar Aji Uku: Ɗan uwa, ai bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wanda bai samu aiki ba dokar ta ba shi damar yin rantsuwa a ɗaga masa ƙafa, in dai bai yi ƙarya ba. Akwai ma masu karɓar kuɗin makaranta kaɗai su bar na kashewa.

Babban Yaya: Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Mun baza takardun bayan isha'i kamar yadda 'Yar Aji Uku ta ce. A JAMB an rubuta sunan Baba, a NIN kuma sunan kakanmu aka sa a matsayin na mahaifi. Gobe da sassafe za mu kotu. Na fi karkata ga kuɗin makaranta kaɗai, ni in ci gaba da ba ta na kashewa, ita kuwa tun ɗazu ta kumbura ta shige ɗaki. Ɗan Poli, wa'adin rijistarsu saura sati uku. In na ranto na biya, wace takarda ka fara kaiwa ofishin kuɗin?