Neman shawara: ina haɗa gem na dambe, AI sai ɗan boksin take ba ni

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina haɗa ƙaramin gem na dambe da manhajar Godot, ni kaɗai. Ban iya zane ba, kuɗin biyan mai zane kuma babu, shi ne na koma ga ƙirƙirarriyar basira, wato AI, ta samar min da hotunan 'yan dambe, fili, kiɗa da murya. Duk yadda na yi mata bayani, sai ta ba ni ɗan boksin da safa a hannu biyu. In na dace da wanda ya yi kama, a hoto na gaba fuskarsa ta canja. Kalangun ma ganga ce ta wata ƙasa take fitarwa. Ga tsoron kada in gama wahala Steam, kasuwar sayar da gem ta intanet, ta ƙi karɓa. Masu sani ku taimaka.

Mai zane daga Zariya:
Wa alaikumus salam ƙanena. Da hotunan intanet aka horar da AI, boksin ya cika can, dambe kuwa ɗan kaɗan ne. Saboda haka rubutu kaɗai ba zai kai ka ba. Samu abokinka ya ɗaura kara a hannu ɗaya, ya yi tsayuwar ɗan dambe sosai: mashi (hannun da aka naɗe) a baya, garkuwa (ɗaya hannun) a buɗe a gaba. Ka ɗauke shi hoto yana tsaye, yana kai naushi, yana faɗuwa. Sai ka saka hotunan a Stable Diffusion, manhajar AI mai yin hoto, tare da ControlNet, ƙarin da ke tilasta mata bin tsayuwar da ka ba ta. Maganin canjin fuska kuma shi ne LoRA, wata hanyar ƙara wa AI horo: ka horar da ita da hotuna kamar 20 zuwa 30 na mutum ɗaya, daga gaba, gefe da baya. Kwamfutarka na buƙatar katin hoto (na'urar da ke sarrafa hotuna a cikin kwamfuta) mai ƙarfi, kamar mai 8GB, in babu ana hayarsa a intanet awa-awa. Duk da haka sai ka zauna da Krita, manhajar zane, ka gyara yatsu da naɗin karan da hannunka, nan AI ta fi kwafsawa. Kuma abokin nan ya rubuta maka amincewarsa kafin fuskarsa ta shiga gem.

Wata 'yar'uwa mai haɗa sauti:
Malam, batun hoto na yarda, amma kiɗan don Allah ka bar AI. Makaɗi yana matse igiyoyin kalangu a hammata, sautin ya hau ya sauka har ya kira sunan ɗan wasa, shi ya sa jikin ɗan dambe ke tsuma. Inji bai ji wannan da yawa ba balle ya kwaikwaya. Ka je gidan dambe, ka yi ciniki da makaɗi, ka naɗe shi a ɗaki mai labule da katifa don kada sauti ya yi amsa-kuwwa, ka tace a Audacity, manhajar gyaran sauti, kyauta ce. Ihun 'yan kallo lokacin da aka yi kisa ma ka naɗo na gaske. Muryoyin Hausa na AI har yanzu suna tuntuɓe a karin sauti, kirari a bakinsu ba ya tashi. Ka kuma sani a Yunin 2024 manyan kamfanonin waƙa na Amurka sun maka Suno da Udio, masu manhajar AI mai yin waƙa, a kotu kan waƙoƙin da aka horar da su da su.

Wani da ya taɓa ɗora gem:
Steam ba ta hana ba. Tun Janairun 2024 kamfanin Valve, mai Steam, ya ce ka bayyana inda ka yi amfani da AI, ko wanda ka shirya tun kafin fitarwa, ko wanda ake ƙirƙira yayin da ake buga wasan, kuma bayanin zai fito a shafin gem ɗinka. Kuɗin ɗorawa dala 100 ne kowane gem, Play Store dala 25 sau ɗaya. Abin da ya fi damuna shi ne mallaka. Ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya ce hoton da inji ya yi shi kaɗai ba shi da kariya, rubuta umarni kawai bai isa ba. Wato jarumin gem ɗinka wani zai iya ɗauka. Ka adana hotunan asali da fayilolin gyaranka. Kada kuma ka kuskura ka sa fuska ko muryar sanannen ɗan dambe ba izini. Kan irin wannan ne masu sa murya a gem na ƙungiyar SAG-AFTRA ta Amurka suka shiga yajin aiki a Yulin 2024, suka yi kusan shekara.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. To fili da 'yan kallo fa, yaya? Ina son ɓangaren Kudu, Arewa da Guramada kowa da wurinsa.

Mai zane daga Zariya:
Nan kam sake wa AI ragama. Yashi, rumfa, ƙura, taron da ke nesa, duk tana yi da kyau tunda ba mai ƙura musu ido. Ka zaɓi salo ɗaya da launuka kaɗan, ka riƙe su a duk hotunan. Fara da 'yan dambe biyu da turmi ɗaya, ka turo mu gwada a wayoyinmu kafin ka ƙara saura.