Magina sun ja mini waya ba da sanina ba, kuma an riga an yi filasta

Baban Walid:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu sanin harkar wuta ku taimaka, kaina ya ɗaure. Gidan gado ne a Tumfure, nan Gombe, na sayi kason ƙannena mata, tun bayan ƙaramar salla nake gyara. An ƙara ɗaki biyu da banɗaki, an sauya kwano. Jingar na ba wani dattijo, shi ya gina gidan tun zamanin marigayi mahaifinmu, kuma ƙanin surukata ne, Kawu muke ce masa. Ni a Kaltungo nake aiki, sai ƙarshen mako nake leƙowa. Mun yi da shi cewa mai wayarin ni zan kawo. Zuwana na ƙarshe sai na tarar yaransa sun ja waya, sun kafa soket da makunni, an shafe da filasta. Ya ce sauƙi ya nema mini, yana kuma neman cikon kuɗin waya da na aiki. Da muka gwada esi da hita tare soket ɗin falo ya yi ɗumi, maiɗakina kuma ta ce famfon banɗaki ya ɗan ja ta. Mai fenti na jira, hayata na ƙarewa ƙarshen wata. Ya zan yi?

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Kafin komai ka sauke babbar bureka, kada kowa ya sake taɓa famfon nan. Famfo ba ya jan mutum sai wuta na zurarewa, kuma babu wayar ƙasa da za ta kwashe ta. Sannan ba ka faɗi abin da ya fi muhimmanci ba: kaurin wayar nawa ne, a cikin fayif take ko a siminti tsirara, bureka mai amfiya nawa suka sa? Ƙa'idar ita ce 1.5mm ta fitila da fanka ce, 2.5mm ta soket, esi da hita kowanne da layinsa daga akwatin rarraba wuta, an fi sa musu 4mm. Yi lissafi da kanka: hita mai wat 1,500 tana jan kusan amfiya 6.5 a kan bolt 230, esi mai doki ɗaya da rabi kusan 6, dutsen guga kusan 5. Waya 1.5mm a cikin bango ƙarfinta bai wuce amfiya 15 da ɗan wani abu ba. In suka ɗora mata bureka mai 32, robar wayar za ta narke burekar tana kallo. Ɗumin da ka ji ke nan, ko kuma noti ne bai ɗauru ba a bayan soket.

Baban Walid:
Injiniya ban san kaurinta ba, amma Kawu ya ce mai kyau ya saya. Mutumin nan ba macuci ba ne, tsohon ginin da ya yi ko tsagewa bai taɓa yi ba.

Injiniya:
Malam, ba amanarsa ake tuhuma ba. Iya jera bulo daban, wayarin daban. Kwance soket ɗaya bayan ka kashe wuta, ka karanta rubutun jikin wayar. Ka kankare bakinta da wuƙa: in jan ya tafi fari ya fito, alminiyom ce aka shafa wa tagulla, ita ce ke cika kasuwa saboda araha. Ka ƙirga wayoyin kuma. Uku ya kamata ka gani, ja da baƙa da kore, ko ruwan ƙasa da shuɗiya da kore mai ratsin rawaya. In biyu ne, babu wayar ƙasa.

Abu Sadik:
Ni dai a ganina a fasa kawai a sake. Abin da ke ba ni haushi da maginan yanzu ke nan, kowa ya zama komai da ruwanka, shi ne birkila, shi ne mai famfo, shi ne mai wuta. Waya ake ja a karkace daga lungu zuwa lungu don a rage tsawo, gobe ka buga ƙusar labule ka same ta. Daga soket ko makunni miƙewa take yi sama ko gefe a saiti, cikin fayif mai 20mm. Haɗi kuma a cikin akwati ake yi da abin ɗaurewa, ba a murɗe a naɗe da salatif a jefa saman silin ba, inda zafin kwano na watan Afrilu zai kwance gam ɗin.

Maman Hanif:
Abu Sadik fasawa ai ba wasa ba ce ga mai hayar da ta kusa ƙarewa. In akwai fayif, babu abin da za a fasa, tsohuwar wayar ake ɗaura wa sabuwa a zaro. In babu, a yanke ta daga akwati a bar ta a mace, a bi saman bango da farin bututun roba mai murfi. Bai kai na ciki kyau ba, amma babu ƙura babu sabon filasta. Kuɗin Kawu kuwa, Baban Walid, kada ka biya ciko sai an gwada. Ka sa wani babba a dangi ya zauna tsakaninku, abin da za a kashe a gyara a cire daga ciki.

Injiniya:
Hajiya, bututun saman bango a banɗaki ban yarda ba. Kuma duk kun yi gaba, ba a yanke hukunci kafin gwaji. A kawo mai wayarin da ke da takardar shaidar NEMSA, hukumar da doka ta ɗora wa duba irin wannan aiki. Zai cire duk kayan wuta ya sa mega, na'urar gwada robar waya, a bolt 500, in juriyar robar ta gaza megohm 1 layin ya faɗi. Zai bi wayar ƙasa daga kowane soket har sandar tagullar da aka kafa a ƙasa, ya tabbatar makunni jar waya yake yankewa ba baƙa ba. Sannan a sa burekar da ke faɗuwa in wuta ta zurare, mai miliamfiya 30, ita ce ke ceton rai a banɗaki. Tambaya ɗaya: sun taɓa mita?

Baban Walid:
E to, sun matsar da ita bakin sabon get saboda katangar da aka rushe. Amma tana ci yadda ta saba.

Injiniya:
Wannan ai ya fi sauran girma. Mita ba hurumin magini ba ce, ko mai wayarin ba ya cire ta sai da JEDC, kamfanin rarraba wuta na Jos. In hatiminta ya ɓalle, kai za a tuhuma da taɓa mita, tara da kuɗin maido da wuta a kanka suke. Ka ɗauki hotonta, ka rubuta musu takarda da kanka su zo su duba. Ka kuma leƙa ko akwai layin da aka ɗauko kafin mita don injin yankan tayil aka manta da shi.

Abu Sadik:
Ya kai kansa wurin JEDC? Ni dai da ni ne mai wayarin zai fara gani tukuna.

Baban Walid:
Na gode ƙwarai. Amma ku fahimce ni, in na kawo wani ya binciki aikin Kawu, maganar har gidan surukaina za ta je. Na yi tunanin a raba wa esi layinsa kawai, hitar kuma a bar ta a kashe zuwa lokacin sanyi. Mai fenti ya ce Asabar zai fara. Hakan ba zai wadatar ba na ɗan lokaci?