Kububuwa ce ke gamawa da mu, ba gamsheƙa ba

Manomin Gyaɗa: Wallahi raina a ɓace yake. Kububuwa ta sari ƙanina a ƙafa muna cirar gyaɗa. Aka ɗaure ƙafar tamau, aka tsaga, aka barbaɗa garin magani, ana ta cewa ai ba gamsheƙa ba ce, ɗan ƙaramin abu ne. Washegari dasashinsa na tsiyayar jini, fitsarinsa ja wur. Da ƙyar kububuwa take wuce kamu ɗaya a tsayi, amma ita ta fi kowane maciji kisa a arewacin Najeriya. Jahilci ke cinmu.

Jikan Mai Magani: Jahilci? Ɗan'uwa, gyara harshenka. Kakana yana cire dafi tun ba a san asibiti a garinku ba.

Malamar Jinya: Allah Ya ba shi lafiya. Dafin kububuwa yakan cinye abin da ke sa jini ya daskare, sai jinin ya ƙi tsayawa, har ta ciki da cikin kai. Shi ya sa muke zuba jinin mutum a busasshiyar kwalba mu jira minti 20. In bai daskare ba, allurar kashe dafi ce kawai mafita. Tsaga ƙara masa ƙofar zubar jini ce. Kuna ina? Ku nufi asibitin Kaltungo a jihar Gombe, ko na Zamko in kuna Filato.

Jikan Mai Magani: Hajiya, ban ja da ke ba. Ni dai ya janye kalmar jahilci.

Ɗan Kasuwa: Ba zai janye ba. Wanda bai san abu ba me za a kira shi?

Baba Mafarauci: Yara, ku yi hankali da bakinku. Talauci ne, ba jahilci ba. Mutum ba shi da kuɗin mota, ina zai kai? Kuma kasa ta fi kububuwa haɗari. Na ga ƙafar da kasa ta sara, ta kumbura ta ruɓe sai da aka yanke.

Ɗan Kasuwa: Baba, kasa malalaciya ce, sai ka taka ta. Kububuwa tana murɗa jiki tana goga ɓawonta, ka ji shuuu, kafin ka waiga ta kai sara.

Baba Mafarauci: Kai da ke zaune a shago za ka koya min daji?

Malamar Jinya: Maganin kashe dafin ma daga Birtaniya da Kosta Rika ake kawo shi, kuma ba kullum ake samu ba. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi watsi da su. Don Allah yaron fa, an kai shi?

Jikan Mai Magani: To kun ji! Naku ma ba ya samuwa, amma mu ne jahilai.

Shugaban Zaure: Na rufe maganar nan. Abin da na gani shi ne an ci mutuncin iyayenmu masu magani ba dalili, kuma Baba ya faɗi gaskiya, kasa ta fi haɗari. Batun asibiti kowa ya yi yadda ya ga dama. Manomi, muna jiran ka nemi afuwa.