Zaman rera Om a Indiya: abin da muka gani da yadda muka yi

Ɗalibin haɗa magunguna, Bangalor

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina roƙon waɗanda suka taɓa zama a Indiya, don karatu ko jinya ko kasuwanci, su ba mu labarin abin da suka gani game da rera kalmar Om da mabiya addinin Hindu suke yi domin tattara hankali, saboda ƙannenmu da suke shirin tahowa suna yawan tambayata. A makarantarmu, duk ranar 21 ga watan Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana a matsayin Ranar Yoga ta Duniya a ƙarshen shekarar 2014, ana tara ɗalibai a fili da sassafe, kowa ya tanƙwashe ƙafa a kan tabarma ya miƙe bayansa, sannan malamin ya ja dogon numfashi ya rera Om sau uku, jama'a suna binsa. Ni dai nakan zauna shiru har su gama, kuma ba a taɓa tsangwamata ba.

Mai jinyar mahaifiya, Chennai

Wa alaikumus salam ƙanena. Ni ban ga wannan abu a taro ba, a cikin gida na gan shi. Lokacin da muke jinyar Hajiyarmu mun kama ɗaki a gidan wata dattijuwa, kuma duk asubar da na tashi yin alwala sai na tarar ta riga ni tashi, ta yi wanka, ta kunna fitilar mai a ɗan lungun da ta keɓe don ibada. Muryarta ba ta tashi sama, amo ne mai kauri da yake fitowa daga ƙirji ya ƙare a kan leɓe rufe, kamar gunjin ƙudan zuma daga nesa. Tana riƙe da carbi mai 'ya'ya 108, tana ja da babban yatsa a kan yatsan tsakiya, ba ta taɓa shi da manuniya ko kaɗan, kuma idan ta iso babban ɗan da yake wurin ƙulli ba ta tsallake shi, sai ta juya carbin ta koma baya. Ta bayyana mini cewa lokacin da ya fi daraja a wurinsu shi ne wanda suke kira Brahma muhurta, wanda yake farawa kimanin sa'a ɗaya da rabi kafin fitowar rana. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ba ta taɓa gayyatata in bi ta ba, kuma idan ta ga na shimfiɗa sallaya takan hana jikokinta wucewa ta gabana. A wurin wannan baiwar Allah Om ibada ce cikakkiya, kuma na tabbata da ranta zai ɓaci idan aka ce mata motsa jiki take yi.

Malamin tarihi, tsohon ɗalibi a Pune

Hajiya, kun taɓo ainihin maganar. Na zauna da wani malamin Sanskrit, harshen tsoffin littattafan Hindu, wanda ya karantar da ni matsayin wannan kalma a littattafansu. Mandukya Upanishad, ɗaya daga cikin littattafan addininsu mai baitoci 12 kacal, ya kasa ta zuwa sautuka uku: A yana nuni ga halin farke, U ga halin mafarki, M kuma ga barci mai nauyi wanda babu mafarki a cikinsa. Shirun da yake biyo bayan sautin shi ne hali na huɗu, wanda malamansu suke kira turiya, kuma shi mai zaman yake ƙoƙarin kaiwa, shi ya sa za ku ga ba sa gaggawar sake rerawa. A Yoga Sutra, littafin yoga na wani tsohon malaminsu mai suna Patanjali, aya ta 27 da ta 28 a babi na farko, an ce Om ita ce lafazin da yake nuni ga Ishvara, wato abin bauta, an kuma yi umarni da a riƙa maimaita ta tare da tunani a kan ma'anarta. Saboda haka ban yarda da masu cewa sauti ne kawai marar alaƙa da addini ba, domin wannan magana tana tauye wa masu abin haƙƙinsu, kuma tana ruɗar baƙo. Malamin nan kansa, da na gaya masa cewa a matsayina na Musulmi ba zan furta ba, ya ce hakan ya fi masa daɗi a kan in furta ba tare da na san abin da nake faɗa ba.

Likita, ta yi horo a Delhi

Malam, na amince da bayaninku, sai dai akwai ɓangaren jiki da ya kamata a faɗa. Mai rera Om yana tsawaita fitar numfashi fiye da shigarsa, kuma wannan kaɗai yana rage gudun bugun zuciya. A shekarar 2011 masu bincike a cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwa ta NIMHANS da ke Bangalor sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutum 12 yayin da suke rerawa, suka ga aiki ya ragu a sassan da suke da alaƙa da tsoro da tashin hankali, abin da ba su gani ba lokacin da mutanen suka furta sautin "ssss". Adadin mutanen kaɗan ne, don haka ba hujja ba ce ta yanke hukunci. Ni a aikina na ga marasa lafiya Hindu suna samun natsuwa da ita kafin tiyata, na kuma ga Musulmi da Kirista suna samun tasu da zikiri da addu'a, don haka nakan bar kowa da abin da ya yi imani da shi.

Ɗalibar aikin jinya, Utar Paradesh

Ni tawa ba ta zo da sauƙi ba, Anti Likita. Wata mai kula da ɗakin kwananmu ta dage cewa dole kowa ya rera, har ta yi barazanar cire sunana daga rajistar halarta. Wata abokiyar karatuna, Hindu ce, ita ta raka ni ofishin shugaban sashe ta tunatar da shi cewa ma'aikatar AYUSH ta gwamnatin Indiya, wadda take shirya bikin Ranar Yoga, ta bayyana cewa rera Om ba tilas ba ne. Daga ranar aka bar ni ina yin atisayen numfashi tare da su, ina shiru a lokacin rerawa.

Ɗalibin haɗa magunguna, Bangalor

Allah Ya saka muku da alheri. Yaya, idan ba damuwa, ki faɗa mana kalaman da kika yi amfani da su a gaban shugaban sashen, domin wata ƙanwarmu za ta fara karatu a wannan jihar cikin watan Agusta, kuma mahaifinta ya nemi in yi masa bayani kafin ta taso.