Littafin aikin janareta: "an canza" ko a faɗi wanda ya canza?

Mai Gyara, Agege:
Salamu alaikum. Muna rubuta wa yaran shago takardar kula da janareta. Wani ya ce a daina "an yi", "aka yi", wai suna ɓoye mai aikin. Malamai, ina gaskiyar?

Malama, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam. Ya danganta da wurin, Malam. A umarni ba laifi: "A kashe injin, a bari ya huce minti 10, a zare fulogi." Mai karantawa shi ne mai aikin, ba ruɗani.

Injiniya, Apapa:
Haka ne, amma a littafin rahoto ban yarda ba. "An cire wuta" na iya kashe mutum. Wa ya cire? Ƙarfe nawa? Daga janareta ko daga layin NEPA? Idan mutum biyu ke aiki, kowa zai ɗauka ɗan'uwansa ya yi. A rubuta: "Mai aikin safe ya sauke cenjoba (makunnin sauya wuta tsakanin janareta da layin NEPA) ƙarfe 7:15, ya sa kwaɗo."

Malama, Idi-Araba:
A kula da "ya gyaru" ma. Sakamako yake nunawa, ba ya faɗin abin da aka taɓa. Kabireta aka wanke ko fulogi aka sauya?